Godiya Bayan Kare Kundin Digirina Na Uku

Alhamdu lillahi, an kare kundi, an yi walima, baƙi sun koma gidajensu lafiya, kuma sai yanzu na samu natsuwar sauke godiyar da ta rataya a wuyana. Ba sai na maimaita yadda shekarun nan suka kasance ba, domin yawancinku kun san cewa binciken da na fara a kan masu jinyar tsofaffi a gidajen Kano ya biyo ni har cikin gidanmu, tun lokacin da gigin tsufa ya kama Inna ta daina gane mu.

Godiyata ta farko ta matan da suka buɗe mini ɗakunansu ce, wato 'ya'ya mata da matan 'ya'ya da jikokin da aka dakatar da karatunsu saboda kaka. Na je musu da ma'aunin nauyin jinya wanda Steven Zarit da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1980, wanda a yau aka fi sanin sigarsa mai tambayoyi 22. Ɗaya daga cikin tambayoyin tana neman sanin ko mai jinya takan yi fatan wani ya karɓe ta. Kusan duk wadda na yi wa ita sai ta nemi tsari, domin ta tashi da ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Amma ina kallon hannayen da sabulun wanki ya zaizaye, ina kallon fo a bayan ƙofa da zannuwan da aka shanya tun asuba, kuma sai bayan na kashe rakoda ake faɗa mini cewa an manta ranar da aka yi barci cikakke. Najeriya ta samu dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, na yi murna da duka biyun, sai dai har yau waɗannan mata ne ke tashi cikin dare su juya marar lafiya don kada kwanciya ta yi masa gyambo.

Cikinsu akwai wadda ba zan iya yin shiru a kanta ba. Daren da za a wayi gari in kare kundin, Inna ta zare sakata ta fita, muka yi ta bin lunguna da tocila, ƙafafuna suna rawa, har aka same ta zaune a bakin kwalbati tana cigiyar gidan mahaifinta. Na yanke shawarar ba zan je jami'a ba. Da sassafe sai ga wannan baiwar Allah, wadda ita ma take jinyar surukarta mai shanyewar ɓarin jiki, ta shigo da kunun gyaɗa a fulas, ta karɓi hannun Inna, ta ce da ni: "Malama, je ki faɗa musu abin da muka gaya miki, ni na san yadda ake lallashinsu." Allah ya yi mata sakayyar da ni ba zan iya ba.

Ina godiya ga malaman da suka duba aikin, da maigidana da ya jure gida babu ni. Goggo ta hana ni ambatonta, amma ta yi haƙuri, domin ita ce ta riƙa yi wa Inna wanka da tsarki duk ranar da na fita. 'Yan uwan da nisa ko hidima ta hana su leƙowa, har wayar ma ta yi wuya, Allah ya ba su dama, ɗakin Inna yana nan inda suka san shi.

Ya Allah ka ji ƙan iyayenmu kamar yadda suka raine mu muna ƙanana, ka ba Inna sauƙi, ka sa ciwon ya zama kaffara, ka ƙarfafa bayan duk mai jinya, ka ba ta mai karɓarta ko da na wuni ɗaya ne, ka sa 'ya'yanta su yi mata fiye da haka. Masu son zuwa duba Inna, an fi samunta cikin natsuwa da hantsi, kafin azahar.