Na sa gaskit, na bar kusoshi takwas tsirara

Har yau in na tuna aikin nan sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Layin ruwan sanyaya injuna ne a wata masana'anta, inda bututun jan ƙarfe ya haɗu da na baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Duk wanda ya jima a sana'ar nan ya san in ka haɗa su kai tsaye, ruwa na bi ta ciki, to batir ka haɗa: tutiya ce ke fara tafiya, ƙarfen ya bi bayanta, jan ƙarfen kuwa ko a jikinsa. Na san haka sarai. Shi ya sa na sa gaskit (faifan da ke toshe mahaɗa) mai hana lantarki ratsawa tsakanin filanja biyun, wato faffaɗan bakunan bututun da ake ɗaurewa da kusoshi, na ɗaure tam, aka gwada da matsin ruwa ba ko ɗigo, na tattara kayana ina jin kaina.

Bayan wata 14 aka kira ni, wai mahaɗar na yoyo. Da muka kwance, cikin bututun ƙarfen duk ramuka ne, kamar gara ta ci itace.

Kusoshi ne. Guda takwas, kowanne ya ratsa filanjar nan ya taɓo waccan, ƙarfe a jikin ƙarfe. Gaskit ɗin yana nan lafiya lau, amma na gina wa lantarkin gada takwas ta bayansa. Abin takaicin shi ne, kayan sun zo da rigunan roba na kusoshin da washa masu hana lantarki. Na gwada ɗaya ya yi tsauri, yamma ta yi, na mayar da su kwali da tunanin ai gaskit ya isa. Multimita kuma, na'urar gwada lantarki, tana cikin jakata a ranar. Minti ɗaya zan ɗora waya ɗaya nan, ɗaya can, in ji ta yi ƙara, alamar lantarki na ratsawa.

Abin da ya ƙara saurin ɓarnar, guntun ƙarfen bai kai rabin mita ba, jan ƙarfen kuwa dogon layi ne. In mai ciwuwa ƙarami ne, abokin haɗinsa babba, duk cin a wuri ɗaya yake taruwa.

Da muka sa wa kusoshin riguna, na ɗauka shi ke nan. Mita ta sake yin ƙara! Sai da na ɗaga kai na ga ɓangarorin biyu suna rataye a jikin ƙarfen rufi guda, da maƙalai marasa roba. Wata gadar ke nan. Muka shimfiɗa roba a cikin maƙalan, sannan ta yi shiru.

Kwana biyu layin ya tsaya, kuma gyaran daga aljihuna ya fita. Yanzu yarana sun san ba a zuba ruwa a irin wannan mahaɗa sai na ɗora mita da hannuna. Suna ta gunaguni wai ina da naci. Kwalin rigunan nan na farko yana nan a akwatin kayan aikina, bakwai daga ciki ko buɗe ledarsu ba a yi ba.