Kafin ka taɓa sukurun ƙoshiya

Cikin kekunan ɗinkin da ake kawo mini rumfa a kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, ana cewa ƙoshiya (ɗan gidan ƙarfen da kwarkwaron zaren ƙasa yake zama a ciki) ta lalace, mafi yawansu ƙoshiyarsu lafiya lau take. Ni tela ne, jallabiya da arragi da wando nake ɗinkawa, gyaran keke ba sana'ata ba ce. Amma duk wanda ya daɗe a kan feda, maƙwabta ba sa ƙyale shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mutanen Khartum da na Madani suka cika garin nan, mata da yawa sun koma ɗinki a gida da tsohon keken uwarsu ko na aro, kuma da abin da keken ya kawo ake ɗora tukunya. Kayan gyara sun yi tsada, wasu ma sai an sha yawo kafin a samu. Shi ya sa abin yake ci mini rai idan na ga mace ta ɗauki kuɗin cefane ta sayi sabuwar ƙoshiya, alhali matsalar ba a nan take ba.

Kukan da aka fi kawowa guda ne. A saman yadi ɗinki ya fito tsaf, ka juya ƙasa ka tarar zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya kwana biyu bai ga mataji ba. Tunda a ƙasa ɓarnar take, kowa sai ya ɗora wa kwarkwaro laifi, ya ɗauko sukudireba ya hau murɗa sukurun ƙoshiya. Ka dakata tukuna. Sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, ka yi ɗinki a ƙyalle, ka juya. Kusan kullum za ka ga abin da ya taru a ƙasan ja ne.

Dalilin yana cikin yadda keke yake ƙulla ɗinki. Allura takan sauka da zaren sama, ta fara dagowa kamar milimita 2 zuwa 2 da rabi, sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa kusa da idonta. Bakin ƙugiya, ƙarfen da ke kai da kawo a ƙasan keke, ya cafki wannan lanƙwasar ya kewaya da ita bayan ƙoshiya, sannan ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keke ya janye ragowar zaren ya ɗaure ƙullin a tsakiyar yadi. Zaren kwarkwaro ba ya zuwa ko'ina, a zaune yake ana kewaye shi. To idan zaren sama bai shiga tsakanin farantan tenshan, masu matse shi, ba, ko ya zame daga ƙarfen mai hawa da sauka, babu abin da zai janye ragowar, sai ta zauna a ƙarƙashin yadi, ɗinki bayan ɗinki.

Maganin ba ya cin ko sisi. Zare zaren sama gaba ɗaya, ka ɗaga takalmin keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, sannan ka sake sa shi tun daga farko. Ɗaga takalmin ne yake buɗe farantan tenshan. Wanda ya sa zare takalmi na ƙasa, zaren a bakin farantan zai kwanta, ba zai shiga ciki ba. Idan ka gama, sauke takalmin ka ja zaren da hannu, ya kamata ka ji ya yi tauri. In ya taho salin-alin, bai zauna ba. Kuma duk lokacin da za ka fara ɗinki, ka danne jelar zaren biyu da yatsa a bayan takalmi har allura ta yi taku biyu ko uku. Masu keken feda kuma su kula da wili: wajenka yake juyowa, idan ya koma baya ko da rabin zagaye ne, zare zai sarƙe a gidan ƙugiya.

A azumin da ya wuce wata yarinya 'yar Madani ta sauke kan keke daga rakasha a bakin rumfata, an naɗe shi da tsohon zane. Butterfly ne baƙi, irin wanda ake ƙerawa a Shanghai bisa tsarin Singer 15. Ta ce, "Kawu, kayan Sallar mutane ne a hannuna, keken ya ƙi tun shekaranjiya. An ce in sayi ƙoshiya." Na ce, "'Yata, kawo mu gani tukuna." Ko da na buɗe murfin ƙasa, warin man riɗi ya buge ni. Gadarif garin riɗi ne, mai yana kowane gida, sai mutane su ɗauka mai duk mai ne. Man girki yana daskarewa ya yi danƙo, ƙurar garin nan ta bi ta manne, gashin yadi ya hau kai, har gidan ƙugiya ya cushe. Muka kwance zoben da ke riƙe ƙugiyar, muka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, baƙin datti yana fita dunƙule-dunƙule. Da ya bushe na ɗiga man keke ɗigo guda a inda ƙugiyar take gogawa. Ta zauna ta gwada a ƙyallen damuriya, ta juya ƙasan ta duba, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu." Abin da ta saya ranar nan ƙaramar kwalbar man keke ce kawai.

Akwai lokacin da laifin na ƙasa ne da gaske, kuma yawanci daga naɗin kwarkwaro yake farawa. Ka danna zaren da farce: idan ya lotsa, naɗin ya yi sako-sako, zaren zai riƙa nutsewa cikin kansa yana tsinkewa. Idan ya taru gefe guda, ko an cika shi har ya fi bakin kwarkwaron, zai gogi cikin ƙoshiya ya ƙi juyawa. Ka bar ɗan sarari a baki. Robar da ke juya manaɗin idan ta cinye, naɗi ba zai yi kyau ba, kuma robar ba ta da tsada. Abin da na fi hana yaran shagona shi ne naɗa sabon zare a kan ragowar tsoho don tsimi. Ranar da na saman ya ƙare a tsakiyar wuyan jallabiya, jelar na ƙasan za ta sarƙe, ka warware aikin rabin yini.

Sai kwarkwaron kansa. A ido duk kama suke, amma ba ɗaya ba ne. Na Singer 15 da Butterfly da 'yan'uwansu gefensa a miƙe yake, kaurinsa ya kusa milimita 12. Na Singer 66 gefensa a ɗan kumbure yake. Na manyan kekunan wuta irin Juki kuwa siriri ne, wajen milimita 9. Ka sa siriri a ƙoshiyar Butterfly, zai riƙa rawa a ciki, ɗinki ya yi tauri nan ya saki can. Ƙoshiyar ma iri biyu ce: ƙahonta, ɗan tsinin da ya fito a gefenta, na kallon ƙarfe ɗaya na agogo a yawancin kekunan da muke da su, amma a wasu tsofaffin Singer, irin 15-88 da 15-91, ƙarfe goma sha ɗaya yake kallo. Idan za ka saya, ka tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada su gefe da gefe. Kwarkwaron da aka taka ya lanƙwashe kuwa a jefar da shi, gyaransa da filaya ba ya ɗorewa. Wajen sawa, a Butterfly, idan kana kallon kwarkwaron a cikin ƙoshiya ka ja zare, ya juya yadda hannun agogo yake tafiya, zaren ya bi tsaga ya shige ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne shi. Ka tura ƙoshiyar har ka ji ta ce ƙas.

Ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan ne datti yake ɓuya, musamman lokacin habub, guguwar ƙurar nan, kafin damina. Ɓurɓushin zare guda ya isa ya ɗaga shi, tenshan na ƙasa ya tafi gaba ɗaya. Zura bakin takarda mai kauri a ƙarƙashinsa ka share, kar ka sa allura, za ta karce shi.

Bayan duk wannan ne ake zuwa ga sukuru. Riƙe jelar zaren ka bar ƙoshiya tana lilo. Idan ta zube ƙasa da kanta, ta yi sako-sako. Idan ka ɗan girgiza hannu ba ta motsa ba, ta yi tauri. Daidai shi ne ta ɗan sauko kaɗan ta tsaya. Dama na ɗaurewa, hagu na sassautawa, kuma kar ka wuce kwatan zagaye kafin ka sake gwadawa. Ka yi aikin a kan faranti ko farin ƙyalle, don sukurun nan ƙanƙane ne ƙwarai, in ya faɗi a ƙasar rumfa ya tafi ke nan, kuma da wuya a sayar maka da shi shi kaɗai.

In allura ta ƙi ɗauko zaren ƙasa, ko ɗinki yana tsallake, canza allurar kafin komai. A Butterfly gefenta mai faɗi dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu, kuma a tura ta sama har ta tokare. Lamba 14 ta isa yadin jallabiya, 16 don mai kauri. Idan zare yana tsinkewa a wuri ɗaya, shafa bakin ƙugiya da farce. Allurar da ta taɓa karyewa takan bar ƙarce a wurin, sanfefa mai laushi sosai tana gyara shi. Amma in ka juya wili a hankali ka ga bakin ƙugiya yana isowa kafin allura ta fara dagowa, ko sai bayan idonta ya wuce, to saitin ne ya goce. Wannan kam aikin makaniki ne, ka kai masa kan keken tare da ƙoshiyarsa da ƙyallen da ka yi gwaji a kai.