Talata, 23 ga Agusta, 2011: ƙasa ta motsa, guguwar Irene na tafe

Yau azumi ashirin da uku. Ƙarfe biyu saura minti tara ina ofis a hawa na shida, gyangyaɗi na ɗibata, sai na ji kujera na rawa. Na ɗauka jirin yunwa ne. Sai da na ga shayin abokiyar aikina yana tangal-tangal a kofi, tagogi na kakkarwa, sannan na kama salati. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Muka gangaro ta matakala, ba mai cewa uffan. Abu ɗaya ne a ran kowa: bam. Nan fa Washington ce, ga shi saura kwana 19 harin 11 ga Satumba ya cika shekara goma. Ni kuwa tawa addu'ar daban, Allah ya sa ba wani mai irin sunanmu ba ne. Da aka ce girgizar ƙasa ce har ajiyar zuciya na yi. Ka ji fa.

Ƙarfinta maki 5.8, tushenta kusa da garin Mineral a jihar Virginia. An kwashe mutane daga Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, da ginin majalisa, duwatsu sun ɓalle daga hasumiyar majami'ar National Cathedral. Layukan waya suka cushe, sai wajen la'asar Hajiya ta same ni, a can gida dare ya yi.

"Ɗan nan, ƙasar ce ta tsage da ku?"

Na ce a'a Hajiya, hoton bango ɗaya ne ya karkace.

Ban yi mata zancen guguwar Irene ba. Jiya ta ratsa Puerto Rico, yanzu ta doshi Bahamas, masu hasashen yanayi na cewa ƙarshen mako za ta iso gaɓar gabashin Amurka. Girgizar ta shigo ba sallama, kafin mu tsorata sosai ta wuce. Wannan kuwa har goron gayyata ta aiko. Duk tashar da ka murɗa ga ta nan, fara sol kamar curin fura, tana juyi a kan teku. Ita ta fi hana ni sukuni.

Bayan asham na biya kanti na sayi ruwan gora, batir da tocila. Dawowata na buɗe firiza na tsaya ina kallon kajin Sallah guda huɗu da na cusa shekaranjiya. In wuta ta ɗauke kwana uku, sai dai in soye su in raba wa maƙwabta tun ba a ga wata ba.