Godiya bayan an gama yi wa Umma maganin daji

Assalamu alaikum 'yan uwa na Legas da na gida. Jiya da aka watse daga walima Umma ta kira ni ɗaki ta ce kai ne mai waya a hannu kullum, ka zauna ka gode wa mutane, kuma kar ka tsallake kowa. To ga shi na zauna, duk wanda bai ga kansa a ciki ba dan Allah ya yi haƙuri, wallahi yana cikin addu'armu.

Alhamdulillah an gama aikin tiyata, an gama kemo wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, an gama gashi wato ƙona cutar da hasken inji, yanzu saura ƙwaya da take sha da zuwa ganin likita lokaci-lokaci. Wanda ya ga Umma bara da azumi ya gan ta jiya tana raba wa mata waina da hannunta shi ne zai gane abin da nake nufi.

Abin ya fara ne da ɗan ƙullutu a mama, ba ciwo ba komai, ta ɓoye shi wata da watanni saboda kunya, ko Baba ba ta faɗa wa ba. Da maganar ta fito kuma sai masu shawara suka yi yawa, kowa ya zo sai ya ce ai daji ba ya son allura, ƙarfe na taɓa shi shikenan ya fusata, a shafa wannan a sha wancan. Ban ga laifinsu ba, abin da suka tashi suka ji kenan, amma gaskiya wannan maganar ta ci mana lokaci mai tsada. Yayarmu babba ce ta tsaya kai da fata ta ce ko ana so ko ba a so asibiti za a je, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito. Yaya, ke ce ta farko a godiyar nan, ranar da kika yi ta kuka a tsakar gida kina cewa ba za ki zuba ido ba, ranar aka fara samun sauƙi.

Mu da muke Legas Allah ya mana gata ɗaya, tun 2019 aka buɗe cibiyar kula da masu daji a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, mai injinan gashi, a layi za ka haɗu da wanda ya taso tun daga Arewa ko daga Gabas saboda ita. Likitoci da nas-nas da suka riƙa lallaɓa Umma, har da wata nas Bayarabiya da ta koyi cewa sannu Mama don ta kwantar mata da hankali, Allah ya saka muku. 'Yan uwanmu Hausawan Idi-Araba da suka ba mu ɗaki muke kwana in an ba mu layin asuba don kar goslo ya cinye mu a hanya, ba ku san mu ba, salla kawai ta haɗa mu, Allah ya bar zumunci.

Sai dai maganin daji kuɗi yake ci ba kaɗan ba. Duk bayan sati uku a koma kemo, kafin nan a yi gwajin jini, in jini ya yi ƙasa a nemo masu bayarwa. Keken ɗinkin Umma ya tafi, 'yan kunnenta na zinari sun tafi, jarin shagona na gyaran waya a Ikeja ya karye. Malam liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, 'yan tumatir da albasa na Mile 12 suka yi karo-karo, mahautan Oko-Oba suka aiko da nasu har da hanta duk sati wai don ta ƙara jini, samarin unguwa su bakwai suka ba da jini ba wanda ya karɓi ko kuɗin mota. Duk da haka da aka zo kan gashi sai muka tsaya cak.

Anan ne maganar 'yan majalisa ta shigo, kuma ina so in ɗan daɗe a kai don matasanmu su ji. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi Agege a jirgin ƙasa, Baba a Legas aka haife shi, ni ma haka, Yarabanci a bakinmu kamar ruwa, amma in ka bincika rabin abokaina ko ba su da katin zaɓe ko kuma katin na can Kano ko Katsina ko Sakkwato, zaɓe ya zo ko su hau mota su tafi ko su kwanta barci. To wa zai saurare ka a inda ba ka jefa ƙuri'a? A 2022 lokacin da INEC ke rajista, kafin a rufe a ƙarshen watan Yuli, ɗan majalisar da ke wakiltarmu ya zo ya zauna da ƙungiyar matasanmu a kan tabarma, ya ba da motoci ana kwasar yara zuwa wurin rajista, ya kafa rumfa ya kawo ruwan leda, ya sa aka zaunar da masu kwamfuta suna cike wa mutane fom ta intanet, masu cika shekara 18 su yi sabo, masu kati a gida a mayar musu da rumfarsu nan. Ni ina cikin masu rubuta sunaye, kuma shaida ce zan bayar, ban ji ya sa kowa ya rantse zai zaɓe shi ba.

Wannan sanayyar ce ta sa da muka rasa yadda za mu yi shugaban matasanmu ya ce mu rubuta wa ɗan majalisar takarda. Na kai ofishin mazaɓa ban sa rai ba. Kwana tara aka kira ni, suka ce in kawo takardun asibiti, kuma kuɗin ba hannuna suka ba ni ba, kai tsaye suka biya can suka ba ni rasit, wannan tsarin ya burge ni sosai don ba wanda zai ce an ci wani abu a hanya. Ya roƙi kar a ambaci sunansa don kar a ce kamfe ne, shi ya sa na yi shiru, amma Onarabul, ka san kanka. Wata 'yar majalisa mace ma da ta ji labari ta kawo ma'aikatan lafiya unguwa aka duba mata kyauta, aka koya musu yadda za su riƙa duba kansu, kuma Umma da kanta, ita da ta ɓoye nata, ta tashi ta yi musu magana da ɗankwali a kan da ba gashi. Hajiya mun gode. Bohol ɗin bayan masallaci da fitilun sola da kwatar da aka gyara mana kafin damina su ma muna gani, mata sun huta da sayen ruwan garuwa.

Godiyata ta wuce su biyun nan. Waɗanda suka tsaya aka yi dokar rage shekarun takara da shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, wadda ta sa ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar wakilai ko ta jiha, kuma wanda ya gabatar da ita a majalisar wakilai, Tony Nwulu, daga nan Legas ya fito, Oshodi-Isolo. Da waɗanda suka yi dokar kafa hukumar bincike da maganin daji ta ƙasa a 2017, da dokar inshorar lafiya ta 2022. Da can in na ji irin wannan a rediyo wucewa nake, sai da na kwana a barandar asibiti na san akwai rayukan mutane a cikin takardun nan. Roƙona dai a ƙara kuɗi a asusun tallafin masu daji, don mun bar mutane a layi waɗanda ba su da liman ba su da Onarabul, akwai wata baiwar Allah 'yar Zariya da muka yi wata uku muna haɗuwa da ita sai muka daina ganinta, har yau Umma na tambayata ita.

Iyaye mata, allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun Oktoban 2023 kyauta ce, Umma ta sa an kai jikokinta biyu an musu.

Baba ya ce in ƙara gode wa Kawu da ya bar rumfarsa wata biyu yana jigilarmu. Masu kuloli da tabarmi da kujerun da aka ara jiya, duk an wanke an jera a zaure, Umma ta ce kowa ya zo da kansa ya ɗauka don tana so ta gan ku ido da ido.