Kamun Kai a Zamanin Wayar Hannu

Sau da yawa mutum yakan ce ya kasa barin sigari ko goro, ko ya kasa ajiye waya, wai abin ya fi ƙarfinsa. Wannan magana ba ta gamsar da ni, domin duk shekara watan Ramadan yana ƙaryata ta. Ɗan dakon da ke sauke buhunan masara a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, wanda a sauran watanni ba ya awa biyu bai kunna sigari ba, yakan wuni daga fitowar alfijir har faɗuwar rana bai taɓa ta ba, alhali da zai laɓe bayan rumfa ya zuƙa, babu mai sani sai Allah. Ashe ikon zaɓi yana nan.

Abin lura shi ne lokacin da aka yi zaɓin. Mai azumi tun da dare ya ɗaura niyya, kafin ƙishi ko kwaɗayi su taso, sannan gari ya taya shi, tunda masu tuwo da masu shayi sun kwashe kayansu da rana. Bai jira sai zuciya ta fara raya masa abu sannan ya zauna shawara da ita ba, ita da aya ta 53 ta Suratu Yusuf ta siffanta da yawan umurni da mummuna.

Waya kuwa an gina manhajojinta ne don su kawar da wannan lokaci na shawara. A 2006 wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, ya ƙirƙiro tsarin shafin da ba ya ƙarewa, kuma daga baya shi da kansa ya nuna nadama. Mai karanta jarida yakan kai ƙarshen shafi ya tsaya, amma a TikTok ko Facebook bidiyo na ƙarewa wani ya hau, har ɗalibin da ya buɗe waya a Yelwa don duba saƙon ajinsu ya ɗago kai ya ji ana kiran Magariba.

Masu ɗora laifin duka a kan kamfanoni suna da gaskiya rabi, kuma ban ga amfanin rabin ba, tunda kamfanonin ba za su sauya don mu ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu yanke hukunci tun da sauran natsuwa: a kashe sanarwar manhajoji, a bar waya a falo kafin a shiga kwana, ɗalibi kuma ya kulle tasa a akwati kafin ya nufi ɗakin karatu, ko da abokai za su yi ƙorafin sun kira ba a ɗauka ba.