Fita da kare cikin kurmi: abin da za ka kiyaye

Kare ba ya cewa ya gaji. Muddin ubangidansa na gaba, zai bi shi har ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa, kuma yawancin matsalolin yawo a kurmi daga nan suke farawa. Lissafin nisa da ruwa da hutu duk a wuyanka yake.

Tun daga gida ake fara shiri. Allurar rigakafinsa ta zama cikakkiya, musamman ta haukan kare, kuma maganin kaska da ƙuma bai wuce lokacinsa ba. Kwikwiyon da bai kai mako 16 ba bai gama alluransa ba, a bar shi a gida. Irin karnuka masu girman jiki kuwa ƙasusuwansu ba sa gama ƙwari sai sun kai wata 12 zuwa 18, doguwar tafiya kafin nan tana cutar da gaɓoɓinsu. Wanda bai saba ba a fara masa da rabin awa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada a cika masa ciki sannan a fita, a bar kamar awa biyu tsakani, domin kare mai zurfin ƙirji cikinsa na iya kumbura ya murɗe.

Igiya mai tsawon mita biyu ta wadatar. Ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a abin wuya ba, saboda idan zomo ko kurege ya gilma ya zabura, maƙogwaronsa ne zai sha fizgar. Ɗaurin ya zama yatsunka biyu suna shiga ƙarƙashinsa, in ya fi haka sako-sako zai zame ya fice ta baya. Igiyar nan mai naɗe kanta cikin robar hannu ba ta dace da kurmi ba ko kaɗan: tana sarƙewa a itatuwa, siririn zarenta yana yanka hannu, in kuma ta suɓuce ta bi shi tana ƙara, sai ya firgita ya ƙara gudu. Ko kana ganin karenka yana jin kira, ƙamshin naman daji ya fi muryarka ƙarfi a wurinsa. Wuraren yawo da dama ma dokarsu ce kada a saki kare.

Babban abin tsoro shi ne zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. A kurmi inuwa tana yaudara, don iska ba ta kaɗawa sosai kuma akwai laima, hakin sai ya rage amfani. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. Ka riƙa kallon bakinsa. Harshen ya zazzago ya yi faɗi, bakin harshen ya lanƙwashe sama kamar cokali, yawu ya yi kauri yana yauƙi, dasashi ya yi ja jawur, yana neman inuwa yana kwanciya: tafiya ta ƙare ke nan. In ya fara tangaɗi ko amai, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da matsematsi, ka yi masa fifita, sannan a nufi likitan dabbobi. Sanyayawa ce farko, tafiya asibiti ta biyo baya. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. Masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ƙiba, su suka fi saurin faɗuwa.

A rana ta yau da kullum kare na bukatar ruwa kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 20 zai sha aƙalla lita ɗaya ko bai je ko'ina ba. Ka riƙe masa gorarsa daban da ɗan kwano, ka ba shi kaɗan duk bayan minti 20. Kududdufi kuwa a hana shi. Fitsarin ɓera yana barin ƙwayar cuta mai lalata ƙoda da hanta a ruwan da ba ya gudu, ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti kuma yana iya kashe kare cikin 'yan awoyi. Haka laimar kwaɗi da mushe, kada ya kai baki. Kashinsa kuma ka kwashe a leda ka fito da shi.

In maciji ya sare shi, ɗaukarsa za ka yi, kada ya taka. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana ɓata masa ciki da ƙoda.

Bayan an dawo akwai sauran aiki, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Ka bi jikinsa da yatsu a hankali, kana shafa gashin ta baya: cikin kunne, gefen ido, ƙarƙashin abin wuya, hammata, matsematsi, gindin wutsiya, da tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, inda ƙaya da tsinin ciyawa ma suke maƙalewa su nutse cikin nama. Kaskar da ba ta sha jini ba ƙanƙanuwa ce ƙwarai, yatsa ya fi ido saurin gano ta. Ka kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe ba tare da fizga ba, ka wanke wurin. Kada ka matse cikinta, kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai ko kananzir, domin hakan na iya sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikinsa. Wasu cututtukan sai ta yi kwana ɗaya ko biyu a manne kafin su shiga jini, shi ya sa ake dubawa a ranar. Ka rubuta kwanan watan da ka cire ta. Idan cikin mako ɗaya zuwa uku ya daina cin abinci, ya yi kasala, dasashinsa ya yi fari ko fitsarinsa ya yi duhu, ka kai shi wurin likita ka faɗa masa ranar.