Abin da na koya wajen tsaron gauɗe a gefen Jos

Gauɗe ba baƙon Bahaushe ba ne. Furensa yakan fito fari mai ƙamshi, ya koma ruwan ɗorawa kafin ya zube. Amma a ɗan gandun dajin da nake aiki, cikin duwatsun gabashin Jos, ya yi ƙaranci har muna iya nuna kowane gindi da yatsa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, tsohon gauɗe ba ya buƙatar mai gadi sosai. Itacensa na da tauri, wuta ta bi ta kansa ya sake tohowa. Ƙananan ne babu. Idan ka zagaya ka ga manya suna fure amma ba ɗan tsiro ko ɗaya a kusa, to wurin ya fara mutuwa, ko da hoton da aka ɗauka don rahoto ya yi kyau.

Wuta ce kan gaba wajen cinye ƙananan, kuma lokacinta ne matsala. Ta watan Nuwamba, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, lasar ƙasa kawai take yi ta wuce. Ta Fabrairu ko Maris, wadda masu farautar gafiya kan cinna, ba ta barin komai. Shi ya sa muke share hanyar tare wuta da zarar damina ta ɗauke, mu ƙona da wuri da hannunmu. Baƙi kan yi mamakin ganin masu tsaron daji riƙe da ashana.

Sai lantana, wani tsiro mai mamaye wuri, ɗan asalin nahiyar Amurka da aka kawo don ado. Tsuntsaye na cin 'ya'yansa suna watsa irin ko'ina, har dajin Amurum na Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take, bai tsira ba. Sara shi aikin banza ne, ƙara cunkushewa yake. Sai an tono saiwar, an kuma koma bayan ruwan farko an tuge sababbin.

Shingen waya na tare dabbobi kuwa, a ganina, kuɗi kawai yake ci. Wani dattijo makiyayi ya taɓa ce mini, "Ɗana, nuna mini inda ƙananan suke, in kauce da shanuna." Muka jera duwatsu kewaye da kowane tsiro, shi kuma ya gaya wa yaransa. Awakin gari ne har yau ba mu samo dabararsu ba, don ba mai bin su.